Kwabon da Na Sa a Baki a Ƙafin Maiyaki

Ko zan manta sunana, ba zan taɓa mantawa da shekarar da na koma Ƙafin Maiyaki sayar da takalman roba ba. Iyalina suna Tudun Wada, ni kaɗai a ɗakin haya, daga ni sai wata tsaka da ke bango (har hira nake yi mata, ita ma wani lokaci sai ta juya ta tafi). Kullum bayan La'asar dattawa na zama a majalisa gefen tasha. In na yi sallama su amsa, su ci gaba da zancensu. Babu wanda ya taɓa matsawa ya ce, "Zauna."

Wata ranar kasuwa na sha fura wurin wata tsohuwar Bafulatana. Ta kwance bakin zani ta ba ni canji a dunƙule. Sai a ɗaki na ga wani kwabo mai huda a tsakiya ya faɗo daga cikin takardun. Ya siɗe sumul, rubutun duk ya goge. Na wanke shi da tsamiya da toka, ya ɗan yi haske. Na ce wa tsaka, "Yau mun sami abin magana."

Washegari na kai shi majalisa. Alhaji Bala, babbansu, ya juya shi, ya ce bai gane ba. A karon farko aka matsa mini a benci. Ai kuwa bakina ya buɗe. Na ce kuɗin fatake ne tun kafin zuwan Turawa. Kwana biyu ya zama na Larabawa. Kafin kasuwa ta zagayo, ya zama azurfa tsantsa, wani daga Kano ma yana nemana a waya (wayar da ko kuskuren lamba ba ya shigowa).

Ranar kasuwa jama'a suka taru. Wani ɗan acaɓa ya ce, "Malam, ya ake gane azurfa?"

Na ce, "Da harshe. Ta gaske gishiri-gishiri take." Na jefa shi a baki ina tsotsa, ina lumshe ido. "Kun ji! Akwai gishirin."

Sai na ji murya a bayana: "Ɗan nan, ba kai ka sha furata ba? Ina kwabona?"

Na tofo shi a tafin hannu. Alhaji Bala ya ce, "Inna, azurfar gado ce?"

"Wace azurfa? Kwabon zamanin Turawa ne, na uwata. Shi muke ɗaure wa jarirai a cibiya in ta kumburo. Ni da shi aka ɗaure ni, 'ya'yana duka, jikoki ma. Daga cibiyar jikana na kwance shi ranar nan don a yi masa wanka."

Ɗan acaɓan ya ce, "Ashe gishirin zuriya guda Malam ya shanye!"

Dariya har da masu faɗowa daga benci. Inna ta goge kwabonta da zani, ta dube ni da tausayi, ta tafi. Na koma ɗaki na kuskure baki har ruwan buta ya ƙare, babu ko wanda zan ba labari mu yi dariyar tare.

Tun daga ranar sunana Malam Cibiya, har a bakin masu sayen takalmi. Kuma ina amsawa da sauri. Na dai koyi cewa duk abin da ban san inda ya kwana ba, ba na sa shi a baki. Amma a garin da ba ka da kowa, ko da sunan tsiya aka kira ka, sai ka waiga.