Yaƙin Fentin Jitar Haladu

Wannan shi ne tarihin Haladu ɗan Buwai, ɗan Jatau Mai Gurmi, ɗan Tanko wanda aka ce kukumarsa ta taɓa sa wani baƙo ya manta jakinsa a kasuwa. Haladu bajimin Gwammaja, gagarabadau mai yatsun alfarma, fitilar ƙungiyar kiɗa ta Sallau, wanda bai gaji gona ba, bai gaji gida ba, sai wata tsohuwar jita da fentinta ya ɓaɓɓare kamar gindin tsohon kwano.

Asalin fitinar kuwa, wata rana ce bayan an tashi daga biki, Sallau shugaban ƙungiya ya ƙare wa jitar kallo ya yanke hukunci. "Haladu, masu ɗaukar bidiyo sun ce kayanka na ɓata musu hoto. In ka zo da ita haka bikin Asabar, lasifika za ka ɗauka." Ɗaukar lasifika shi ne muƙamin da babu na ƙasa da shi, kuma Haladu na tsoronsa ƙwarai, domin daga nan ya taso.

Sai sadaukin ya ɗaura ɗamarar azama, ya hau kekensa mai birki ɗaya, ya auka wa Sabon Gari da hantsi, inda rundunar masu shaguna ta tare shi da bokitan fentin bango, ya ƙi miƙa wuya. Ya karkata akalar yaƙi zuwa Ƙofar Ruwa, aka yi masa tayin jan fentin ƙofar ƙarfe, ya kawar da kai cikin izza. Masu fesa wa Adaidaita Sahu fenti suka nemi sulhu da shi a kan ruwan ɗorawa, har da alkawarin rubuta wa jitar lamba a baya, ya fice bai yi musu sallama ba. Sai da gumi ya jiƙa shi sharkaf sannan Allah ya ba shi ganima a wani lungu: gwangwanin baƙin fentin fesawa, da man ƙyallin katako a tsohuwar gorar ruwa. Mai shagon ya ce a shafa, a bar shi a rana.

Ranar Juma'a aka yi karon ƙarshe. Jarumin ya kwance wayoyin jitar, ya goge ta da samfefa, ya girgiza gwangwani har kaji suka watse, ya yi kirari, "Yau ko ni ko ke!" Ya fesa baƙin, ya bushe, ya malala man ƙyalli ba tsimi, ya kwantar da ita a kan bulo a tsakar gida daidai inda rana ta fi zama, ya tafi masallaci zuciyarsa fes.

To, wannan wuri tun kafin a haifi Haladu yake ƙarƙashin daular Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifinsa wadda ta raine shi, kuma a nan take shanya. Ta fito da yankakkiyar kuɓewarta ta tarar da wani abu baƙi mai faɗi, mai tsafta, ya mamaye mata rana. Mace ce da ba ta ɗage kayan mutane, saboda haka ba ta ɗage shi ba. Ta baza kuɓewar a kai.

Da Haladu ya dawo ya gani, sai ya tsuguna.

"Sannu da zuwa, ɗan nan," in ji Gwaggo. "Wannan faifan naka ya fi nawa riƙo. An yi iska ɗazu, ko ɗaya ba ta faɗi ba."

"Haka ne, Gwaggo," in ji gagarabadau.

Ya wuni da wuƙa yana kankarar kuɓewar da ta manne a ɗanyen man. Ta sama ta fita tare da fentin. Wadda ta zurara cikin ramin jitar kuwa, wata ta manne, wata ta bushe tana yawo a ciki.

Ranar Asabar zuriyar Tanko ta tsaya a gaban jama'a. Haladu ya kaɗa waya, jitar ta amsa da caccaka kamar ana sheƙe wake. Sallau ya saurara, ya leƙa ramin, ya sunsuna. Ya nuna masa lasifika da haɓa.

Har yau jitar na nan rataye a ɗakinsa. Ranar da ake iska, Gwaggo kan aiko a aro mata ita.