Allon Likita Saura Ƙiris

Unguwar da ta samu mutum irin Likita Saura Ƙiris ai ta gama dacewa. Bawan Allahn nan ya taɓa zuwa bitar agajin gaggawa, aka ba shi takardar shaida da riga mai ƙyalli. Tun daga ranar, ko atishawa ka yi sai ya kama maka hannu, ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Abu ɗaya ya rage masa: allo a saman ƙofa mai ɗauke da muƙaminsa. Shi ne ya sa ƙaninsa tela ya hau tsani ya kafa masa.

Tsani ya zame. Tela ya faɗo, gefen cikinsa na hagu ya daki bakin dakali.

Matar tela ta fito ko takalmi babu, tana roƙon a nemo mota. Mutumin naka ya ɗaga mata hannu, ya shiga ya sanyo rigarsa mai ƙyalli, ya jira maƙwabta suka taru, sannan ya durƙusa cikin isa.

"Ku matso ku ƙaru. Jini ko ɗigo babu. Jiki sanyi ƙalau, ke nan ba zazzaɓi. Ku ji bugun zuciya, kamar keken ɗinkinsa! Wannan gumin kuwa ciwo ne ke fita. Har ruwa yake nema. Jinin gidanmu ke nan, ba ya wasa."

Ita dai leɓen mijinta take kallo, ya yi fari fat, ga shi yana kiranta da sunan mahaifiyarsa. Tsoro ya kama ta. Ta ce Yaya ya yi haƙuri, ta fita titi ta tare mota da kanta.

A asibiti mutumin naka ya tare likitar da ke bakin aiki, ya fara jero mata albishir ɗinsa. Bai kai ƙarshe ba aka tura tela ɗakin tiyata a guje. Likitar ta ce saifa ce ta fashe, jini yana zuba ta ciki, kuma duk abin da ya lissafa alamun mutumin da jininsa ke ƙarewa ne. Ya waiwayi maƙwabtan da suka biyo su yana murmushi, wai sun dai ji, shi ya fara gano alamomin.

Aka ce ana neman jini. Ya naɗe hannun riga, ya yi jawabi a kan zumunci. Yana ganin allura ya sulale ƙasa, tim. Maƙwabta ne suka bayar, tela ya sha da ƙyar.

Da gwanin ya farfaɗo a kan benci, ya ji hannunsa sanyi, gumi sharkaf, zuciya na dukan tara-tara. Ya fara salati, yana cewa a kira likita, tafiya zai yi.

Matar tela ta taɓa goshinsa, ta lumshe ido, ta gyaɗa kai.

"Kwantar da hankalinka, Yaya. Ba zazzaɓi. Ciwo ne ke fita."