Takin Awaki a Akwatin Kifi

Ranar da na sayi akwatin gilashi na kiwon kifi a Konni, mai sayarwa ya yi ta bayani: in wanke yashi, in dasa ciyawar ruwa, kar in ajiye shi a rana, in riƙa sauya sulusin ruwan duk mako. Na saurare shi don ladabi kawai. Ni da na tashi a gonar gero, ɗan birni zai koya mini shuka?

Mako biyu ciyawar ba ta ƙaru ba. Nan take na gano ciwon: yunwa ce. Na ɗebo kashin awaki tafi biyu, na barbaɗa da bismilla.

Washegari ruwan ya koma kamar kunun kanwa, ɗaki na wari, kifayen sun taso sama suna haki. Matata ta kwashe su da ludayi zuwa robar wanki.

"Malam, mi kaz zuba musu?"

"Taki," na ce, da muryar gwani.

Kifayen sun rayu, ciyawar ma ta murmure. Amma duk bazara sai yayana ya bugo waya daga Tsarnawa: "Sarkin noma, muna kai taki gona. Amalanke nawa za a rage wa kifi?"