Littafin Sista a Jakar Dakta Jadawali

Wata takwas ke nan da aka ƙwace wa Sista littafinta, kuma har yau yana cikin jakar Dakta Jadawali. Littafin rubutu ne mai baƙin bango, irin wanda ake saya wa 'yan makaranta. A cikinsa akwai sunayen mutum sittin da ɗaya masu hawan jini, da yadda za a same su.

Amma kada a yi gaggawar zargin bawan Allah. Dakta Jadawali babban mutum ne. Wanda bai sani ba ya tsaya kusa da shi minti biyu, zai sanar da shi. Dakta ne, sai dai ba irin wanda ke taɓa marar lafiya ba, wannan ai aikin ƙananan likitoci ne. Shi iliminsa ya wuce jikin mutum, ya kai ga alƙaluma. Ya halarci taro a ƙasashe tara, kowane taro ya dawo da katin shaida mai igiya, duk ya rataye su a ƙusa ɗaya inda mai shigowa ofis zai fara gani. Masu shara ne suka laƙaba masa Jadawali, don ko lafiyarsa ka tambaya sai ya kasa maka amsar gida uku.

An turo shi ƙaramin asibitin unguwa ne ya binciko yadda za a inganta rigakafi, wato a tare ciwo tun bai kwantar da mutum ba. Ranar da ya iso aka dakatar da ganin marasa lafiya awa biyu da rabi, don ya yi wa ma'aikata bayani a kan illar ɓata wa marasa lafiya lokaci.

"Abokan aiki," in ji shi, "kuma na kira ku haka ne cikin tawali'u. Kafin yau, abin da kuke yi a nan ƙoƙari ne. Daga yau zai zama ilimi."

Sista tana bayan ɗaki a tsaye, tana jin tarin mutane a baranda. Ita ce babbar nas ta wurin, shekara ashirin da uku tana wannan ƙoƙarin da ba ilimi ba. Hanyarta ɗaya ce. Duk wanda ya zauna a bencin asibitin, ko rakiya ya yi, sai ta naɗa masa abin awon jini a dantse. In ta ga ya hau, ta rubuta shi a littafi. Ba suna kawai take rubutawa ba, har da hali. "Mai gyaran keke, ya ce maganin na sa shi fitsari, a lallaɓa shi." "Tsohon direba, kada a kira shi, a kira 'yarsa, ita yake tsoro." "Tela, tana daina shan magani da ta ji sauƙi, ba ta ɗaukar baƙuwar lamba, a bi ta wajen ƙanwarta." Kowace Alhamis bayan an tashi aiki sai ta buɗe littafin, ta kira wanda lokacinsa ya yi, ta yi wa wani faɗa, ta yi wa wani barkwanci, har ya zo.

Sati guda da zuwan Dakta ya gano ɗakin da ya fi dacewa da bincike, shi ne ɗakin awon jini, domin nan ne fanka ke aiki. Aka fito da Sista baranda da teburinta. A nan ya same ta wata Alhamis da waya a kunne, littafi a buɗe.

Ya ɗauka da yatsu biyu kamar wanda ya tsinci tsumma. Ya karanta shafi ɗaya, ya cire tabarau, ya mayar.

"Sista, kin san me kike yi wa bincikena?"

"Ranka ya daɗe, mutane nake kira su zo awo."

"Kina gurɓata shi."

Sai ya yi mata bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda bai yi nisa a karatu ba. Kwamfuta ta raba masu zuwa asibitin gida biyu. Masu koren kati za a riƙa aika musu saƙon tunatarwa ta waya, wanda shi da kansa ya tsara. Masu ruwan ɗorawa ba za a tuna musu komai ba, a bar su yadda suke, don a ƙarshen shekara a kwatanta a ga ko tunatarwa na da amfani. In Sista ta ci gaba da kiran kowa da kowa, ina za a ga bambancin?

"To ni na san tana da amfani," in ji Sista. "Shekara ashirin ina gani."

"Kin gani, amma ba ki auna ba. Abin da ba a auna ba, bai faru ba."

Ya jefa littafin a jaka, ya ja zif. Ya ce zai zama tushen bayanai, kuma za a gode mata a ƙasan shafi da ƙananan haruffa.

Saƙon da ya tsara kuwa abin alfahari ne. Layi goma sha ɗaya ne, ya fara da sunan binciken, da sunan mai binciken, da digirorin mai binciken. Maganar zuwa awo tana layi na tara. Tsohon direba ya kawo wa Sista wayarsa ya ce ta duba masa, kamar 'yan damfara sun samu lambarsa.

Sista ba ta zauna ba. Waɗanda ta tuna da ka, ta bi su a ɓoye: wani ta tare shi a hanya, wani ta aika maƙwabciyarsa. Amma kan mutum ba littafi ba ne. Ta tuna talatin da 'yan kai, sauran sai fuska ta zo mata ba lamba, ko lamba ba ranar dawowa. Tela ta faɗa cikin masu ruwan ɗorawa. Sista ta je shagonta ta tarar ta tashi, wani mai sayar da fenti ya kama wurin. Lambar ƙanwarta kuma tana shafi na huɗu, a cikin jaka.

Sau uku tana shiga wurinsa roƙo. Na farko yana waya da ƙasar waje, ya ɗaga mata hannu. Na biyu ya ba ta takarda ta cike, ta neman izinin ganin bayanai, ya ce kwamiti na zama duk bayan wata uku. Na uku ta ce ba littafin take so ba, shafi ɗaya ne, ta kwafi lamba ta fita.

"Sista, ina jin zafin da kike ji, har na taɓa gabatar da maƙala a kansa. Amma in na buɗe miki shafi ɗaya, me zan gaya wa masana na duniya?"

Masana na duniya dai ba su san Tela ba. Mace ce mai shekara arba'in da shida, mijinta ya rasu, keken ɗinkinta ke ciyar da 'ya'ya huɗu. In tana ɗinki tana riƙe allura a baki tana magana ta gefe. Duk lokacin da Sista ta yi mata faɗan magani sai ta ce, "Yaya Sista, ni fa ba ciwo nake ba, gajiya ce." Sista ta ce, "Gajiyar ce za ta kayar da ke a kan keken nan." Su yi dariya, ta karɓi maganin wata biyu ta tafi. Haka suka yi shekara biyar, kuma hakan ya riƙe ta.

Wata safiya a wata na shida aka shigo da ita a kafaɗar ƙanwarta, baki ya karkace, hannun dama yana lilo. A kan keken ta faɗi. Ƙanwar tana kuka tana cewa tun da ba a kira ba, sun ɗauka an sallame ta ne. Sista ta naɗa abin awo, ta ga lambar, ta aika a nemo mota zuwa babban asibiti.

Hayaniyar ta fito da Dakta daga ƙarƙashin fanka. A faɗi gaskiya, ya nuna damuwa. Ya tsaya a kan matar, ya dube ta da kyau, ya tambayi launin katinta. Da aka ce ruwan ɗorawa, sai ya tambayi ƙanwar ko marar lafiyar za ta iya sa hannu a fom ɗin bibiya. Ƙanwar ta ɗaga hannun yayarta ta saki, ya faɗi a cinya. Dakta ya gyaɗa kai cikin tausayi, ya rubuta a takardarsa: ta fice daga bincike.

Tela ta rayu. Tana magana da ƙyar, tana tafiya da sanda. An lulluɓe keken da zane an tura shi lungu, babbar 'yarta ta bar makaranta tana wanki a gidajen mutane.

A wata na takwas aka yi taron bayyana sakamakon farko. Aka kwashe bencinan marasa lafiya aka jera wa manyan baƙi kujeru, aka rataya ƙyalle mai hoton Dakta yana kallon nesa da hannu a haɓa. Ya zo cikin sabuwar kwat, ya kunna majigi, layuka kore da ruwan ɗorawa suka hau bango.

"Ranku ya daɗe, abin da kuke gani a nan ba a taɓa ganinsa ba. Kashi casa'in da takwas cikin ɗari na saƙonninmu sun isa wayoyin jama'a."

Aka tafa. Ba wanda ya tambayi mutum nawa suka karanta, balle nawa suka zo awo.

"Sannan cikin duk waɗanda muka bibiya har ƙarshe, ba ko mutum ɗaya da ya samu matsala."

Aka ƙara tafawa. Maganarsa gaskiya ce kuwa, domin duk wanda ya samu matsala ba a bibiye shi har ƙarshe ba.

Sista ta ɗaga hannu daga inda take tsaye kusa da ƙofa. Mai gabatarwa ya yi kamar bai gani ba, ita kuma ba ta jira ba.

"Ranka ya daɗe, Tela fa? Wadda ta faɗi."

Dakta ya yi murmushin da ake yi wa tambayar da aka yi tsammani. Ya latsa kwamfuta, ya nuna wani ɗan tauraro a ƙasan shafi na ashirin da biyu.

"Ga ta nan, Sista. Ba mu manta da kowa ba. Kuma irin wannan shi ke nuna buƙatar a faɗaɗa binciken zuwa asibitoci goma sha biyu, wanda na riga na nema."

Wani babban baƙo ya ce madalla. Aka miƙa wa Dakta lambar yabo ta gilashi, aka kira Sista ta zo ta tsaya a hoto, a gefe, don a ga an tafi da ƙananan ma'aikata. Ta ce tana da aiki. Bayan baƙi sun watse ta same shi yana naɗe igiyar majigi, ta ce tunda an ga sakamako, a ba ta littafinta. Ya ce wannan sakamakon farko ne, na ƙarshe sai nan da wata goma sha huɗu, in mujalla ta amsa.

To, ku da kuka turo shi, da ku da kuka sa hannu a takardar da ta ce a bar rabin marasa lafiya ba tunatarwa don a gani, ga abin da ake nema a wurinku. Ba a ce ku karɓe masa lambar yabo ba, ya riƙe abarsa. Ku buɗe jakar nan ku mayar wa Sista littafinta kafin Alhamis mai zuwa. In asibitoci goma sha biyun nan suna da mai irin wannan littafi, ku hana a taɓa shi. Sannan ɗaya daga cikinku ya je gidan Tela da ƙafarsa, ya zauna a gabanta, ya yi mata bayanin abin da aka gano da shanyayyen hannunta.