Yadda Za Ka Hana a Rufe Hanya Ranar Bikin 'Yarka

Kana cikin kwamitin ƙauye mai rufe hanya idan dusar ƙanƙara na shirin zaftarowa, ga bikin 'yarka ya matso? Kwantar da hankalinka. Wendelin, mahaucin ƙauyenmu a Tirol, yankin duwatsu masu ƙanƙara, matakan nan ya bi, kuma hanya ba ta rufu ba sai da baƙinsa suka iso. Tabbas ne.

1. Haƙa rami, amma zaɓi wuri. Ƙa'ida ce a haƙa a ga yadda ƙanƙarar ta kwanta hawa-hawa. Kaspar maharbi, abokin aikinsa a kwamiti, ya haƙa a gangaren da ke saman hanya, ya ɗebo ta ƙasa tana zubewa kamar sukari.

"Wendelin, wannan ba ta riƙe komai ba. Ta saman kuwa, dalili kawai take jira ta zaftaro."

Wendelin ya je ya haƙa nasa a bayan coci, inda yara suka tattake. Tauri sai ka ce siminti.

2. Kurumce. In ƙanƙara ta yi "wum" a ƙarƙashin ƙafarka har ta tsage, dafe ciki ka ce wake ka ci.

3. Ciyar da kwamiti kafin ƙuri'a. Bakin da ke tauna kyafaffen namanka da wuya ya ce a rufe. Kaspar ne kawai ya ƙi ci, shi dama ba ya da daɗin zama.

4. Kada ka saurari amarya. 'Yarsa Resi ta ce, "Baba, in da haɗari a ɗaga mana. Ango ba ruɓewa zai yi ba." Yaran yanzu ba su san zafin a ce mahauci ya ɗaga biki ba.

5. Fita ka yi maraba. Motar dangin ango na gama wuce gangaren, dutsen ya saki kayansa gaba ɗaya. Farar ƙura ta haɗiye motar. Wendelin ya zube kan gwiwa yana kiran sunan angon, yana ganin shi ya kashe wa 'yarsa miji. Da motar ta ɓullo da kowa lafiya, kuka ya yi wiwi a gaban surukai. In kai ma kukan ya kama ka, ce musu murna ce.

6. Girbi abin da ka shuka. Hanya ta binnu, surukai sun tare a gidan Wendelin. Ya koma kwana a shago. Kullum da safe uwar ango na leƙowa.

"Suruki, naman jiya gishiri ya yi yawa. Yau me za ka yanka mana?"

Ya je ya roƙi Kaspar a buɗe hanya. Kaspar ya ɗaga kai ya dubi dutsen.

"Akwai saura a sama. Sai ta narke."

Marubucin nan bai san ka ba, bai taɓa ganinka ba. Abin da dutse ya yi maka tsakaninku ne, kuma ba ya karɓar surukan kowa ajiya.