Ranar da Aka Cire Ni Daga Makarar Bukar

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Modu, wan matata, ya kama wuyan rigata a gaban mutanen unguwa ya fincike ni daga ƙarƙashin makarar aminina Bukar. Ya wulaƙanta ni a wurin da ba a wulaƙanta mutum. Abin da ya fi ci mini rai kuma, har yau na kasa samun wanda zai ce bai kyauta ba.

Ni tela ne a Bolori. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, amma ɗinki kam na iya. Da can keken ɗinki na ƙafa nake takawa, ko ba komai ƙafa tana motsi. Da na samu hali sai na sayi mai aiki da wuta, daga nan na zama kamar buhun gero da aka jingine a shago. Daga asuba zuwa magariba ina kan kujera. Masallaci yana bayan shagona. Gida kuwa, wanda ana iya hango rufinsa daga bakin titi, a keke Napep nake zuwa (masu keken har sun san ni, suna ganin tumbina suke rage gudu).

Wata ma'aikaciyar asibiti ta taɓa auna jinina ta ce ya hau. Ta ce, "Baba, zaman nan shi ke cin ka. Ka riƙa takawa kullum, ko na rabin awa ne." Na ce to. A raina na ce yarinyar da na girmi ubanta ce za ta koya mini tafiya.

Bukar mai wankin hula ne, shagonsa na manne da nawa shekara da shekaru. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma kullum a ƙafa yake zuwa, a ƙafa yake komawa. Yakan leƙo ya ce, "Tela, tashi mu taka." In ce, "Wanda ba shi da kuɗin mota shi ke takawa." Ya yi dariya ya wuce. Na san za ka ce ai mai takawar ne ya riga mutuwa. Ajali daban ne. Amma Bukar har ranar da ya cika da ƙafarsa ya je sallar asuba, ba wanda ya taɓa riƙe masa buta.

Da aka idar da sallar jana'iza aka ɗaga makara, sai na kutsa na kama gaba ta hannun dama. Ka san yadda ake yi. Mutum ya ɗauka ya ɗan taka, wani ya dafa kafaɗarsa ya karɓa, kowa ya samu ladansa. Ni kuwa na ƙudurta ba mai karɓa ta sai bakin kabari. Mutum biyu suka dafa ni, na ƙi saki. Nawa ne ai.

Kuma da gawa sauri ake yi. Ban san haka saurin yake ba sai ranar.

Ba mu wuce kwanar masu kifi ba numfashina ya fara fita kamar na tsohon injin niƙa. Idona ya yi duhu. Gwiwata ta dama ta lanƙwashe ba tare da ta yi shawara da ni ba. Makarar ta karkace, tabarmar da aka lulluɓe shi da ita ta zame, har farin likkafanin ya bayyana. Na ji mutane sun ɗauki salati.

Nan ne Modu ya damƙe ni ya ja gefe, ya sa kafaɗarsa a wurina. Da ya tsaya a nan, da na gode masa. Amma sai ya ɗaga murya ya ce, "Ku zaunar da shi. Kabari ɗaya muka haƙa."

Ba wanda ya yi dariya, wurin ba na dariya ba ne. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi. Suka wuce kawai, ba mai waiwaye.

Na zube a gindin wata bishiyar dogon yaro. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta miƙo mini ruwan leda, tana cewa, "Sai haƙuri, ɗan'uwanka ne ko?" Ta ɗauka baƙin ciki ne ya kayar da ni. Ban gyara mata ba. Da na dawo hayyacina na tari keke zuwa maƙabarta, na tarar har an shafa fatiha ana fitowa. Ko ƙasa tafi ɗaya ban zuba wa Bukar ba.

Bayan sadakar uku na fara takawa. Ba don maganar asibiti ba, don haushi. Satin farko daga gida zuwa shago sai na huta sau biyu, ina yi kamar waya nake dubawa. Yanzu nakan zagaya unguwa bayan asuba, kuma in na daɗe a kan ɗinki sai in miƙe in je in ɗebo ruwa da kaina. Barci ya dawo mini. Bayana ya daina ƙullewa. Sujadar da nake tashi daga ita da dafa bango, yanzu ina miƙewa tare da sahu. Jinin ma an ce ya sauka, ko da yake ban bar shan magani ba. Abin takaici, duk wannan kyauta ne, kuma Bukar ya yi ta miƙo mini shi ina ƙi.

Wata shida ban yi wa Modu magana ba. Rannan muka yi kiciɓis a hanyar Mairi, shi a kan babur, ni a ƙafa, gumi ya jiƙe ni. Ya tsaya ya ce, "Tela, lafiya? Hau in rage maka hanya."

Na dube shi na ce, "Yaya Modu, gaskiya ka faɗa rannan, amma ban yafe ba. Ka ci gaba da hawa babur ɗinka. Ni shiri nake yi. Ranar taka, daga ƙofar gida har bakin rami ni zan riƙe gaba, kuma ba ka da hannun da za ka cire ni."