Kyaftin Muhyiddeen a Bakin Dam

Duk faɗin Wudil, daga gada har kasuwar kara, babu wanda ya san ruwa kamar Alhaji Muhyiddeen mai tayil. Wannan ba jita-jita ba ce, daga bakinsa muka ji, kuma mun ji ya fi sau ɗari. Masunta sun tsufa a kogi, rana ta gasa su, taru ya tsattsaga musu yatsu, amma duk iliminsu na ruwan gida ne. Shi kuwa Alhaji teku ya shiga. Bara waccan ya je Dubai sarin kaya, aka zagaya da shi a wani farin jirgin ruwa na minti arba'in cif. Ya dawo da hotuna saba'in da wata farar hula mai baki irin ta matuƙa jirgi. Tun ranar 'yan kasuwa suka laƙaba masa Kyaftin. Su da zolaya suke faɗa, shi kuwa ya sa mai buga kati ya liƙa a gaban sunansa.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai: mutanenmu ba su iya hutawa ba.

"Allah ya ba ku ruwa, kun tsaya kuna wanki a ciki," yakan ce da duk wanda tsautsayi ya kawo shagonsa. "A ƙasashen da suka ci gaba, ruwa na kallo ne. Ka zauna, ka miƙe ƙafa, ka dube shi, shi ma ya dube ka."

To, akwai wani ɗan dam ta wajen Lajawa, da itatuwan mangwaro a gefensa. Shekara talatin Maikano yana su a nan, yana kuma zagayawa da baƙi a kwalekwalensa. A gindin babban mangwaron Talatu ke soya kifi, da wannan kasko take riƙe da 'ya'ya biyar. Duk ƙarshen mako ɗaliban jami'a kan zo da tabarmi da zoɓo, magidanta su kawo iyali su sha iska. Mai ƙaramin sani zai ce ai hutawar ke nan. Kyaftin da ya leƙa sau ɗaya, bai ko sauko daga mota ba, ya gano cewa ba hutawa ba ce, tunda ba shinge, ba mai gadi, kuma kowa yana dariya yadda ya ga dama.

Nan da nan ya dira gidan dagaci. Buƙatarsa ƙarama ce: a ba shi bakin dam ɗin, ya kewaye da waya, ya shimfiɗa tayil har bakin ruwa, a tashi masunta da masu suya saboda ƙarni da hayaƙi suna ɓata wa ruwa kwarjini. Dagaci mutum ne mai haƙuri. Ya ce a zo ranar Asabar a gwada masa irin wannan hutu a gani, zai kuma gayyato Dakta Rejoice, wadda ke koyar da harkar ruwa a jami'a, ta ba shi shawara. Da labari ya kai bakin dam, Maikano ya kasa cin tuwo. Talatu kuwa ranar kifinta ya ƙone sau biyu.

Asabar da hantsi Kyaftin ya iso cikin fararen kaya, ga hula, ga baƙin tabarau, ga wata fatsa 'yar Dubai da ko ledarta ba a cire ba. Aka yi doguwar gaisuwa da dagaci, aka tambayi gida da gajiya da ruwan bana, sannan ya ce kowa ya matsa a ga yadda ake su na ilimi.

Jifan farko ƙugiya ta kama reshen mangwaro. Na biyu ta ɗauke murfin kwanon yajin Talatu. A na uku dai ta sami ruwa, aka tsaya ana jira har inuwa ta gusa. A ɗan wannan lokacin Maikano ya ciro tarwaɗa huɗu a gefe, a hankali, kamar mai jin kunya.

"Kifin nan bai waye ba," in ji Kyaftin. "Bai saba da kayan waje ba. Shi ya sa nake cewa wurin nan gyara yake so tun daga tushe."

Daga nan ya nufi gindin mangwaro don ya nuna wa Dakta Rejoice illar hayaƙi. Ya yi bayani mai tsawo. Kafin ya kai aya, karfasa uku sun wuce, har ya nemi ƙarin yaji.

Saura babban darasi, wato shiga jirgi. Dakta Rejoice ta miƙa masa rigar kariya, ya ɗaga mata hannu.

"Dakta, ajiye wa ɗalibanki. Wanda ya ga igiyar teku ba ya sa wannan a kududdufi."

Ya shiga kwalekwale, Maikano ya tura da gwangwala. Ba su yi nisan jifa ba Kyaftin ya ga jama'a sun jeru a gaɓa suna kallonsa, ɗalibai sun ɗaga wayoyi. Zuciyarsa ta ce masa irin wannan taro bai kamata ya tashi ba jawabi ba. Ya miƙe tsaye.

"Alhaji, a zauna," in ji Maikano.

"Kyaftin ba ya zama a jirginsa! Jama'ar Wudil, yau tarihi ya..."

Tarihi bai ƙarasa ba. Kwalekwale ya karkata, fararen kaya suka yi sama, aka ji tsundum.

Abin da ya biyo baya ba a koyar da shi a Dubai. Kyaftin ya yi salati, ya sake salati, ya kira mahaifiyarsa da ta rasu shekara goma sha biyu da suka wuce. Ya daddaki ruwa da hannu da ƙafa, ya rantse bai iya iyo ba, bai taɓa iyawa ba, a jirgin can ma amai ya yi ta yi. Ya kira Maikano Baba. Ya ce ya yafe dam, ya yafe tayil, a dai cece shi. Maikano na miƙa masa gwangwala, shi kuwa ya runtse ido yana neman gafarar duk wanda ya taɓa zalunta.

Talatu ce ta ajiye matsami, ta ɗan tattare zani, ta taka cikin ruwan har inda yake, ta tsaya a kansa.

"Alhaji, miƙe mana."

Ya buɗe ido ɗaya. Ya miƙe. Ruwan iya gwiwarsa.

Dagaci ya yi tari mai tsawo a cikin rawani, sannan ya ce za a yi shawara. Dakta Rejoice ta ba da tata a tsaye: a kafa benci a inuwa, a ajiye kwandon shara, a bar kowa a kan sana'arsa. Haka kuwa aka yi.

Kafin mako ya zagayo bidiyon ya shiga kowace waya. Mutane suka dinga tururuwa daga Kano da Gaya don su ga wurin da idonsu. Talatu ta ƙara kasko na biyu. Maikano yana yini yana kai baƙi daidai gurbin, su sauka su kwanta a ruwan, a ɗauke su hoto, wani ya ce musu su miƙe. Kyaftin kuwa ya bayyana wa 'yan kasuwa cewa da gangan ya yi, wannan shi ake kira tallan zamani, kuma ba kowace ƙwaƙwalwa ce za ta gane ba.

Wata Juma'a motarsa ta lalace, dole ta sa ya ratsa tasha a ƙasa, ba hula ba tabarau. Ya ji masu adaidaita suna kiran sabuwar hanya: "Alhaji Miƙe! Alhaji Miƙe, saura mutum ɗaya!" Wani direba baƙo ya tare shi da fara'a.

"Ranka ya daɗe, ba za ka je ka huta ba? Wai a nan ne wani babban mutum ya nutse a ruwa iya gwiwa. Ko ka san shi?"

Kyaftin ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ce shi ma labari ya ji.